Daga Gulbin Maraɗi zuwa Arlit: wace irin waƙa ce za ta ɗauki halin da ƙasarmu ke ciki?

A farkon watan Satumba na 2024, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da yake tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Mutane sun ɗauki faɗuwarsa da wayoyinsu, cikin ɗan lokaci hoton ya isa ga 'yan Nijar da ke kowace kusurwa ta duniya. Damanar wannan shekara ta ci rayuka sama da 300 a faɗin ƙasa, ta kuma shafi mutum fiye da miliyan ɗaya.

Duk da haka, da shekara ta zagayo aka yi ruwan fari, sai ga shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp sun cika da baitocin marhabin da damina: ƙamshin ƙasa, kukan kwaɗi, hatsi ya yi kore shar, manomi ya saɓa hauya da sassafe. Da yawa daga masu turawa yaran birni ne da ba su taɓa yin noman fari ba, ko 'yan ci-rani da ke Tamanrasset, Sabha, Abidjan da Legas. Ba a ga laifinsu ba. Wanda ya shekara uku a ɗakin haya a Tripoli yana da haƙƙin kewar ƙamshin ruwan fari. Sai dai damanar da ake rera wa waƙa ta bambanta da wadda muke kwana cikinta da fargaba. Ina ledar da ta toshe magudanar ruwa? Ina katangar da ta rufta wa yara cikin dare? Ina filin da aka yanka aka sayar a kan hanyar ruwa?

Wannan gardama ta daɗe a jami'o'in Amurka da Ingila, kuma ta kai ga tambayar da ta fi ta sama wuya: idan ƙasar da kake wa waƙa ta tsage, shin baitinka zai iya zama lafiya lau, kowane ɗango daidai da ɗan'uwansa? Wani sha'iri ɗan Abzin ya ba da tasa amsar tun kafin malaman can su gama tsara tambayar. Za mu zo kansa, amma sai mun bi ta inda maganar ta faro.

Yadda aka fara auna adabi da ma'aunin muhalli

A 1978 wani malami Ba'amurke, William Rueckert, ya rubuta maƙala inda ya raɗa suna ga abin da za mu kira tarken muhalli, wato nazarin adabi ta hanyar duba yadda yake ɗaukar ƙasa, ruwa, itatuwa da dabbobi. Maganar ta yi kwance har zuwa 1992, lokacin da aka kafa ƙungiyar ASLE ta masu wannan nazari a birnin Reno na jihar Nevada. A 1996 Cheryll Glotfelty da Harold Fromm suka fitar da kundin maƙalu da ya zama littafin farko na ɗaliban fannin. A Ingila kuwa, Jonathan Bate ya riga ya sake karanta waƙoƙin William Wordsworth da wannan ido a littafinsa na 1991.

Waɗannan malamai na farko sun gaji da wani yayi da ya mamaye sassan adabi a lokacin, mai cewa rubutu ba ya nuni sai ga wani rubutu, kalma ba ta kai ka ga komai sai wata kalma. Su kuma suka ce a'a, akwai itace na gaskiya a waje, kuma ana sare shi. Saboda haka suka fi ƙaunar rubutu mai haske wanda za ka karanta ka ga tsuntsun kamar yana gabanka: Henry David Thoreau da zamansa a bakin tafkin Walden, ko sha'irai irin su Wendell Berry da Mary Oliver. Lawrence Buell na jami'ar Harvard, a littafinsa na 1995, ya kawo sharuɗɗan da za a gane rubutun muhalli da su. Kada daji ya zama ado kawai a bayan labarin mutane. Kada maslahar ɗan Adam ta zama ita kaɗai ce abin dubawa. A ga alhakin mutum kan abin da ya yi wa ƙasa, a kuma nuna ƙasar a matsayin abu mai canzawa kullum.

Sharuɗɗan ba su da aibi. Matsalar tana cikin irin littattafan da aka riƙa ɗauka misali: mutum guda, galibi Bature namiji, yana tafiya shi kaɗai a dajin da babu kowa, zuciyarsa tana samun natsuwa. Masanin tarihi William Cronon ya tona wannan a wata maƙala ta 1995, ya nuna cewa dajin da babu kowa ƙirƙira ce. Gandun Yellowstone da aka keɓe a 1872 yana da mutanensa, korar su aka yi kafin a ce masa wuri mai tsarki. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wane daji ne tsakanin Dakoro da Tanut da ba shi da rijiya, da burtali, da sunan wanda ya fara sare shi?

Masu karya baiti

A wannan yanayi, sha'iran da ke wasa da siffar waƙa, masu yanka jimla a tsakiya, masu warwatsa kalmomi a shafi, masu cusa lissafi da takardun gwamnati cikin baiti, ba su da wurin zama. Malaman tarken muhalli suna ganinsu 'yan wasa da harshe ne da ba su damu da duniya ba. Su kuma suna ganin waƙar furanni da tsuntsaye ta zama kamar hoton kalanda.

Abin ya fara juyawa a 2001, da Jonathan Skinner ya kafa wata ƙaramar mujalla mai suna ecopoetics don haɗa ɓangarorin biyu. Hujjar masu wannan hanya mai sauƙin fahimta ce. Juliana Spahr, wadda ta koyar a Hawaii shekaru da dama, ta lura cewa waƙoƙin da ake yi wa tsibirin suna cike da kyawawan tsuntsaye, amma katafilar da ke rushe mazauninsu a gefe ba ta shiga baiti. Ita tana son katafilar ta shigo. A littafinta na 2011, Well Then There Now, akwai wani rubutu da ke ba da labarin wasu mutane da ke zaune gaban kwamfuta suna kallon yadda ƙanƙarar Antaktika ke tsagewa. Bayan kusan kowace jimla sai ta jefo sunan wata halitta daga jerin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa a jihar New York, bi da bi bisa tsarin haruffa. Sunayen ba su da alaƙa da jimlar da suka katse. Mai karatu yakan fara tsallake su don ya bi labarin, can sai ya farga cewa abin da yake yi a shafin shi ne abin da muke yi a rayuwa. Babu ɗango guda da ya yi masa wa'azi, tsarin rubutun ne ya kama shi.

A Ingila, Alice Oswald ta bi wata hanya dabam. Ta yi shekara uku tana ɗaukar muryoyin mutanen da ke rayuwa a bakin kogin Dart a yankin Devon: masunci, mai gandun daji, ma'aikacin tace ruwan sha, ma'aikacin ruwan ƙazanta, mai sassaƙa jirgi, mai fito, har da mai kamun kifi ta ɓarauniyar hanya. Ta saƙa maganganunsu cikin doguwar waƙa guda mai suna Dart, daga mafarin kogin har inda ya faɗa teku, wani wuri baiti, wani wuri zube, sunan mai magana a gefen shafi. Littafin ya ci kyautar T. S. Eliot ta 2002. Wanda ya karanta shi ba zai ƙara raba kogi da masu cin abinci a cikinsa ba.

Craig Santos Perez kuma ɗan tsibirin Guam ne, inda sansanonin sojan Amurka suka cinye babban yanki na ƙasa, inda kuma wani maciji da ya shigo bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙarar da mafi yawan tsuntsayen dajin. Shi yakan sa taswira a cikin waƙa, ya bar kalmomin harshensa na Chamoru ba fassara, ya bar fili fari a inda wani abu ya ɓace. A 2023 ya samu babbar kyautar littafi ta Amurka a ɓangaren waƙa. Abin da aka riƙa yi wa kallon wasan yara shekara ashirin baya, yau shi ne a tsakiyar fage.

Akwai hujja guda da ta fi gamsar da ni, kuma daga wani ɗan Afirka ta Kudu ta fito. Rob Nixon, a littafinsa na 2011, ya yi magana kan irin ta'adin da ke tafiyar hawainiya: gubar da ke tsiyaya cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa shekara arba'in, gonar da ke rage yabanya kaɗan-kaɗan, cutar da ba za ta bayyana ba sai a jikin jika. Irin wannan ɓarna ba ta da ƙara, ba ta da hoton da talabijin zai nuna, kuma talakawa ta fi ci. Labari mai farko da tsakiya da ƙarshe ba ya iya riƙe ta da kyau, domin ita ba ta da ranar farawa. To waƙar da ta yarda ta maimaita, ta tara, ta katse, ta ƙi rufewa, wataƙila ita ta fi kusa da kamanninta.

A Afirka ba a jira kowa ba. Niyi Osundare ya fitar da The Eye of the Earth a 1986, yana kukan dazuzzukan ƙasar Ekiti da salon da ya aro daga kirarin Yarabawa. Tanure Ojaide ya yi shekaru yana rubutu kan man fetur da kogunan Neja Delta. An rataye Ken Saro-Wiwa ranar 10 ga Nuwamba 1995 a kan gwagwarmayar ƙasar Ogoni. Duk da haka a 2001 wani malami Ba'amurke, William Slaymaker, ya rubuta cewa marubutan Afirka baƙar fata suna jan ƙafa wajen amsa kiran muhalli. Da ma'aunin da ya riƙe ne matsalar take: yana neman mutum shi kaɗai a daji, su kuwa suna rubutu kan gona, rijiya, kamfani da soja.

Ɗan Abzin da haruffansa masu fushi

An haifi Hawad a 1950 a yankin Abzin, cikin makiyayan Ikazkazan. Tsararsa ce ta ga iyakokin da aka ja suka raba ƙasar Abzinawa tsakanin Nijar, Mali, Aljeriya, Libiya da Burkina Faso. Ita ce ta ga farin 1973 da na 1984 sun share garkuna, samari suka watsu zuwa Tamanrasset da Sabha neman aikin lebura, aka riƙa ce musu ishumar, kalmar da aka lanƙwasa daga ta Faransanci mai nufin marar aikin yi. Ita ce kuma ta ga an buɗe mahaƙar yuraniyom ta Somaïr a Arlit a 1971, ta Cominak a Akuta ta bi baya a 1978. Da aka rufe Cominak a ƙarshen watan Maris na 2021, an bar tulin sharar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20 a kusa da gari. Can arewa kuma, a hamadar Aljeriya, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane ranar 13 ga Fabrairu 1960, ta ci gaba da gwaje-gwaje har 1966, mafi yawansu a cikin dutsen In Ekker, a ƙasar Abzinawan Ahaggar.

Abzinawa suna da tsohuwar al'adar waƙa mai tsayayyen kari da amsa-amo, ta soyayya, ta raƙumi, ta yaƙi, ta kewar masoyi a zango mai nisa. Hawad ya tashi cikinta, sa'annan ya ajiye ta. Yana rubutu da Tamajak cikin haruffan Tifinag, shi da matarsa Hélène Claudot-Hawad, masaniyar al'adun Abzinawa, suke mayar da shi Faransanci. Littafinsa na farko, Caravane de la soif, wato ayarin ƙishirwa, ya fito a 1985, shekara bakwai kafin a kafa waccan ƙungiya ta Reno. Daga baya ya fitar da Sahara. Visions atomiques a 2003, da Irradiés a 2015, sunan da ke nufin waɗanda tururin nukiliya ya ratsa. A 2017 kamfanin Gallimard ya tattara zaɓaɓɓun waƙoƙinsa na shekara talatin a kundi guda.

Sunan kundin Furigraphie, kalmar da shi ya ƙera daga fushi da rubutu, kuma ita ce sunan salon nasa baki ɗaya. Ɗangonsa gajeru ne, suna tunkuɗar juna. Yakan jero sunayen abubuwa ba tare da aikatau ba, ya maimaita sauti har ya zama kamar haki, ya haɗa kayan makiyayi da tarkacen zamani a numfashi guda. A zanensa kuma yakan ɗauki haruffan Tifinag, waɗannan ɗigo-ɗigo da da'ira da sanduna da muke gani a jikin duwatsun Abzin da kan azurfar maƙeran Agadas, ya ja su da tawada har su daina karantuwa. Hamadar da ke cikin rubutunsa ba irin ta 'yan yawon buɗe ido ba ce, mai tudun rairayi da faɗuwar rana. Tana da shingen waya, tana da rami, tana da ƙishirwa da ke da mai ita.

Yadda nake karanta shi, karin tsohuwar waƙar an yi shi ne daidai da tafiyar raƙumi tsakanin rijiya da rijiya. Idan an rufe hanyar, an sa wa rijiyar guba, mai raƙumin yana dakon siminti a Sabha, to ci gaba da rera wancan kari kamar ba abin da ya faru wata irin ƙarya ce, ko da kowace kalma a ciki gaskiya ce. Wannan shi ne ainihin abin da su Spahr suka zo suna faɗa da Turanci daga baya. Ba kowa zai yarda da ra'ayin Hawad kan iyakoki da gwamnatocin yankinmu ba, littafinsa Dans la nasse na 2014 kan rikicin arewacin Mali ya isa misali. Amma wanda ke neman gane yadda siffar waƙa ke ɗaukar raunin ƙasa, ba sai ya je New York ba.

Sai dai akwai kuɗin da aka biya, kuma ba kaɗan ba ne. A Faransa Hawad yake zaune, a can ake buga littattafansa, da yuro ake sayensu. Fassarar Turanci ta Dans la nasse da Christopher Wise ya yi ta fito a Amurka a 2022. Yaron Arlit da ke shaƙar ƙurar tulin nan da wuya ya taɓa riƙe littafinsa. Abin da ke cikin wayarsa gitar Tinariwen ce, da Bombino, da Mdou Moctar ɗan jihar Tawa, wanda shi ma ba ya ɓoye maganarsa kan yuraniyom da Faransa a faifansa Funeral for Justice na 2024. Wannan zargi ya hau kan dukkan masu waƙar gwaji, a ko'ina suke: suna magana da yawun waɗanda ɓarnar ta shafa, amma masu karanta su malaman jami'a ne. Waƙar da ba ta isa kunnen mai gona ba, me ta tsinana wa gonar? Masu kare su sukan ce aikin waƙa ba aikin takardar faɗakarwa ba ne. Gaskiya ne, amma amsar ba ta cika ba.

To mu fa, masu rubutu da Hausa?

Rubutacciyar waƙar Hausa tana daga cikin masu tsananin ƙa'ida. Akwai kari da aka aro daga arulin Larabci, akwai ƙwar biyu da ƙwar biyar, akwai babban amsa-amo da ƙarami, a buɗe da sunan Allah da salati, a rufe da addu'a da sunan mai waƙa. Tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u wannan tsari yake aiki, kuma ƙarfinsa a bayyane yake: yana shiga ka, yana zama. Shi ya sa almajirai da makafi suka haddace Imfiraji ta Aliyu Namangi ba tare da sun ga takarda ba. A cikin wannan tsari ne Na'ibi Sulaimanu Wali ya yi Waƙar Damina, wadda masu nazarin waƙa suka sani sarai. Baitocin da ke yawo a Facebook ranar ruwan fari jikokinta ne, ko masu su sun san da haka ko ba su sani ba.

Raunin tsarin yana fitowa ne a hannun wanda bai ƙware ba. Amsa-amo yakan ja mutum zuwa kalmar da ta saba zuwa a wurin, sai ka ga damina kullum albarka, fari kullum jarrabawa, itace kullum inuwa, ba sunan wanda ya sayar da filin, ba sunan itacen ma. Ban ga dalilin da zai sa a yar da tsarin ba. Namangi ya yi Waƙar Keke, ya shigar da ƙarfen Bature cikin tsohon kari bai karye ba. Wanda ya ɗauki keke zai ɗauki leda da katafila da buhun gawayi. Kuma kwaikwayon warwatsa kalmomi a shafi irin na Amurkawa ba zai kai mu ko'ina ba, domin waƙarmu da kunne ake karɓar ta. In za a yi gwaji, a sauti za a yi shi: a inda aka yanke numfashi, a muryoyin da aka bari suka shigo, a wurin da amsa-amo ya ƙi zuwa alhali kunne yana jiransa. Matasan da ke slam a Yamai da sauran birane sun riga sun buɗe wannan ƙofa, ko da yake siyasa da soyayya sun fi cika bakinsu.

Kayan aikin ma muna da su a gida. Dubi yadda kakanninmu suke raɗa wa yunwa suna. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba aka ce mata. Ta 1984 mutanen kudancin Nijar suka sa mata El-Buhari, don ta zo daidai da lokacin da gwamnatin sojan Najeriya ta rufe iyaka, hatsi ya kasa ƙetarowa. Kalma guda ta haɗa rashin ruwa, da hukuncin wani shugaba a wata ƙasa, da tukunyar da ba a ɗora ba. Malaman tarken muhalli sun yi shekaru suna rubuta littattafai don nuna cewa bala'in yanayi da siyasa a haɗe suke, tsofaffin Maraɗi sun faɗe shi a suna ɗaya.

Ko kuma a ɗauki sunayen itatuwa. Gawo, aduwa, magarya, kalgo, sabara, geza, ƙirya, marke, kanya, ɗanya, bagaruwa, anza. A karanta wa ɗan shekara ashirin da ya tashi a Yamai ko Kwatano, a ce ya nuna wanda ya sani da ido. Jerin kaɗai, ba ƙari ba sharhi, ya yi aikin da Spahr ta yi da nata jerin, kuma ya fi nata zafi, domin nan ba itatuwan kaɗai ke ɓacewa ba, har da bakin da ke kiran su.

Akwai kuma abin da ke hana mu zama cikin makoki kawai, kuma waƙar kuka zalla za ta yi ƙarya kamar yadda ta yabo zalla take yi. A 1983, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka bar biyu ko uku masu ƙarfi aka rage sauran, itace zai tashi ba tare da an dasa ba. Manoma suka karɓa, suka gyara shi yadda ya dace da su, suka sa masa suna sassabin zamani. Masu bincike da suka gwada hotunan tauraron ɗan Adam na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa abin ya kai hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya bi hanyar Matamaye zuwa Magarya ya ga gawo da idonsa. Shi kansa gawon abin waƙa ne: yana zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe, shi ya sa hatsi ke yin kyau a gindinsa. Ƙasa guda, a shekaru guda, tana farfaɗowa a gona tana nutsewa a birni. Baitin da ya san hanya ɗaya tak, ta murna ko ta baƙin ciki, ba zai riƙe wannan ba.

Da wani matashi zai tambaye ni inda zai fara, sai in ce Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda madatsar Jibiya ta tare shi, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya ratsa gefen Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Mafi yawan shekara yashi ne, wata biyu ko uku kuma ba mai iya tsayawa gabansa. Shi ne ya ci tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka mayar da gari kan tudu. A bakinsa akwai masu lambu, masu ɗiban yashi da amalanke, masu yin bulo, masuntan tafkin Madarunfa, makiyaya, 'yan fasa-ƙwauri, mata masu wanki, da wanda ya gina gida a fadama don nan ne kuɗinsa suka kai. Kowannensu yana da kalmomin da babu su a ƙamus, kowannensu yana da wanda yake ɗora wa laifi. Oswald sai da ta nemi na'urar ɗaukar magana, yau kowace waya tana yi.

Waɗanda suka ga El-Buhari da hankalinsu sun haura hamsin yanzu. A gidaje da yawa akwai tsohuwar da ta san kwana nawa ake jiƙa 'ya'yan anza, sau nawa ake sauya ruwan kafin ɗacin ya fita a iya ba yara, da kuma abin da ta riƙa faɗa musu don su haɗiye.